Keken jariri

Keken jariri (suna, namiji, jam'i: kekunan jarirai). Ɗan gado ne mai laima da ƙafafu huɗu, wanda ake kwantar da jinjiri a ciki ana turawa, asalinsa kuwa Ingila tun ƙarni na 18. Wajibi ne ga mai niyyar saye ya jarraba birki, ya kuma tabbatar mazaunin yana miƙewa sarai, saboda jaririn da bai kai wata 6 ba wuyansa bai yi ƙwari ba, bai dace a zaunar da shi ba. Amma fa a unguwar Sabo ta Ibadan, da kasuwar Shasha ta Akinyele inda kwandunan tumatir da taɓon damina kan ƙuntata hanya, galibin mata sun fi amincewa da zane da majanyi, alhali keken, in ma akwai shi, yana jingine a zaure. Duba goyo.