Cututtukan cin abinci: sauraren masu fama da su

Mene ne cututtukan cin abinci?

Kun san tamowa, wadda rashin abinci ke kawowa. Waɗannan cututtuka daban suke: abinci yana nan, amma damuwar zuciya ta ɓata zaman mutum da shi. Manyansu uku ne:

- Anoreksiya: mutum ya hana kansa abinci har ya rame ƙwarai. Tana iya kisa.
- Bulimiya: ya ci da yawa a lokaci guda, sannan ya jawo amai ko ya sha maganin gudawa.
- Cin da ba a iya tsayawa: ya yi ta ci bayan ya ƙoshi, kunya da baƙin ciki su biyo baya.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da su.

Wa aka tambaya, wa aka bari?

Likitocin Ingila da Faransa ne suka bayyana anoreksiya a 1873. Shekaru da yawa bincike ya fi karkata ga ƴan matan Turai da Amurka masu tsoron ƙiba. Aka tsara tambayoyi a kan halinsu. Maza, dattawa, masu jiki, talakawa da mutanen Afirka suka zama kamar ba su da wannan ciwo.

A Gana an auna ɗalibai mata 668, aka buga sakamakon a 2004. Aka samu 10 da suka rame don hana kansu abinci. Ba tsoron ƙiba suka ambata ba: sun danganta abin da addini da kame kai. Da tsoron ƙiba kawai aka tambaye su, da ba a gane su ba.

A Nijar ma, a wurare da yawa ƙiba ce ado ga mace. Rebecca Popenoe ta zauna da Larabawan Azawak, ta rubuta yadda ake ɗura wa ƴan mata abinci tun suna ƙanana. Tambayoyin Turai ba sa kai wa ga irin wannan matsi.

Bincike tare da masu ciwon

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Shi ya sa yanzu ake sa waɗanda suka yi ciwon cikin aikin: su taimaka a tsara tambayoyi cikin harshensu, su duba sakamako kafin a watsa shi.

Idan mai bincike ya zo muku

- Ku nemi ya bayyana manufarsa da Hausa.
- Kuna da ikon ƙin amsawa, ko dainawa a tsakiya.
- Kada a rubuta sunanku ko a ɗauki muryarku sai da yardarku.
- Yaro ko yarinya, sai da izinin iyaye da yardarsu su ma.

Idan kun ga alamun a gidanku, kada ku yi faɗa ko gori. Ku saurara, sannan ku raka mutumin wurin likita.