Tarihin Nazarin Wasan Kwaikwayon Talabijin na Hausa

Nazarin wasan kwaikwayon talabijin reshe ne na ilimin adabi da harshe, wanda ke ɗaukar shirin da aka nuna wa jama'a a akwatin talabijin ya feɗe shi kamar yadda ake feɗe waƙa ko ƙagaggen labari. Manazarci yakan duba jigo, da zubi da tsari, da taurari, da kuma yadda aka sarrafa harshe a bakin 'yan wasa. A ƙasar Hausa fannin ya tashi ne a sassan koyar da harsunan Nijeriya na jami'o'i, musamman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, daga baya sassan koyon aikin jarida da na wasan kwaikwayo suka sa hannu.

Kwaikwayo ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa akwai tashe, wanda yara da matasa ke yi daga goma ga watan azumi, akwai wasan gauta na matan fada, akwai kuma 'yan kama da ke kwaikwayon malamai da waƙoƙin mawaƙa suna juya su zuwa zancen tuwo. Da rediyo ya zo, sai wannan gado ya sami sabon gida. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, wato Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo aka fara jin su kafin su zama littattafai, haka ma Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Talabijin ta fara aiki a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ta iso Kaduna a 1962. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin hukumar NTA, sannan a zamanin mulkin Gwamna Abubakar Rimi jihar Kano ta kafa tata tashar, CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV. A tsakanin shekarun 1970 da 1980 ne waɗannan tashoshi suka cika da wasannin Hausa na mako-mako.

Abin da ya bambanta waɗannan wasanni da na littafi, kuma shi ne ya tsara wa nazarinsu hanya, shi ne yawancinsu ba a rubuce suke ba. Mai shiryawa yakan tara 'yan wasa ya zayyana musu ƙashin bayan labari: kai ne maigida, ka ci bashi ka ƙi biya, ke ce uwargida, kin san inda ya ɓoye kuɗin, kai kuma za ka shigo da sammaci. Sauran zance kowa daga cikinsa zai fito da shi a gaban na'urar ɗaukar hoto. Ke nan abin da mai kallo ke ji Hausar baka ce tsagwaronta, da karin magana da habaici da gatse da baƙar magana, yadda suke faɗowa a kasuwa ko a zaure. Marubucin wasan shi ne bakin ɗan wasa. Duk manazarcin da bai fara daga nan ba, ya ɗauko hanyar da ba ta ɓullewa.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a Samanja Mazan Fama na tashar Kaduna. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, Banufe ne daga Pategi, kuma ya yi aikin soja na gaske kafin ya shahara da kakin wasa. Ya gina tauraronsa ne kacokan a kan barikanci, wato irin Hausar da ta tashi a barikokin soja tun zamanin Turawa, inda kurata daga ƙabilu daban-daban suka haɗu ba su da harshen da ya haɗa su sai Hausa. Wannan Hausa tana da nata kamanni. Bambancin jinsi yakan faɗi, a ce mace ya zo, ko a kira yarinya da shi. Haruffa masu lanƙwasa sukan miƙe, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Karin sauti da tsawon wasali sukan rikice. Kalmomin aro kuwa sai su yi ta zuba: kofur, saje, kurtu, hafsa, fareti, oda, har da sunan Samanja kansa, wanda asalinsa sunan muƙamin soja ne na Turanci da bakin Bahaushe ya sassaƙa. Masu kallo dariya suke yi, amma dariyar tana da zurfi. A lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa, ga wani soja a cikin akwati, mai tsawa da zare ido, wanda harshensa ke tuntuɓe a duk jimla, matarsa da yaransa kuma suna iya juya shi. Mutane sun sami damar yi wa kaki dariya a cikin gidajensu, su kuma sojoji sun ga kansu a madubin da bai wulaƙanta su ba. Ta hanyar harshe aka ƙulla wannan sulhu, shi ya sa nazarin jigon Samanja ba ya yiwuwa sai an bi ta nahawunsa.

A nan ne wahalar aikin take, kuma duk ɗalibin da ya taɓa rubuta kundin digiri a kan irin wannan wasa ya san ta. A da, zai zauna da kaset da rediyo, ya saurari jimla ɗaya, ya tsayar, ya rubuta, ya mayar baya, wani lokaci da biro yake juya zaren kaset don kada batir ya ƙare. Sai hannunsa, wanda aka horar da ƙa'idojin rubutun Daidaitacciyar Hausa tun firamare, ya riƙa gyara abin da kunnensa ya ji: inda ɗan wasa ya ce ya, sai ya rubuta ta, inda aka ce karfi, sai ya sa wa harafin ƙugiya. Kafin ya kai ƙarshen shafi ya wanke wasan tas, ya zubar da ainihin abin da ya zo nema. Ga kuma abin da takarda ba ta iya ɗauka ko da an so: ɗaga murya, da shiru, da harara, da tsaki.

Tashoshin kowace da nata. Ban da Samanja, Kaduna ta yi Karambana, inda Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya yi fice. Shi ne kuma ya fito a shirin talabijin da aka ɗauko daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Jos ta yi Karkuzu. Kano ta yi Kuliya Manta Sabo, wanda sunansa ma kirarin kotu ne. Sakkwato ta yi Idon Matambayi, inda Sakkwatanci ya fito a matsayin harshen gida ba abin ba'a ba. Ga mai nazarin karin harshe, waɗannan shirye-shirye tamkar taswira ce mai magana.

Da malaman jami'a suka juyo kan wannan fage, kayan aikin da suka tarar a hannu na waƙa ne da zube. Tsarin da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa don feɗe waƙa, na jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da salo da sarrafa harshe, shi aka riƙa ɗorawa a kan wasan kwaikwayo, aka ƙara masa batun taurari da fitowa. Littafin Ibrahim Yaro Yahaya na 1988, Hausa a Rubuce, ya ba wasan kwaikwayo gurbi a tarihin adabin Hausa. Daga waje kuma, a 1987 Karin Barber ta buga wata doguwar maƙala a kan fasahohin gama-gari na Afirka, wadda ta ja hankalin masana zuwa ga abin da talakan birni ke ƙirƙira, wanda ba na gargajiya ba ne zalla, ba kuma na 'yan boko ba. A wannan shekara ce Janet Beik ta fitar da littafinta a kan wasan kwaikwayon Hausa a Jamhuriyar Nijar, ƙasar da ƙungiyar Yazi Dogo ta yi suna, ta kuma kira shi adabin baka na zamani saboda rashin dogaronsa da rubutu. Sannan a 1996 Graham Furniss na Jami'ar Landan ya wallafa Poetry, Prose and Popular Culture in Hausa, inda ya jera wasannin rediyo da talabijin kafaɗa da kafaɗa da rubutacciyar waƙa da ƙagaggun labarai.

Bayan nan sai bidiyo ya canja komai. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na kasuwa. Cikin shekara goma harkar ta bunƙasa, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fita a 1999, sunan Kannywood da ake kiran harkar da shi ya bayyana a mujallar Tauraruwa, gwamnatin Kano kuma ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Hankalin manazarta ya koma can. Brian Larkin ya riga ya rubuta a 1997 kan yadda finafinan Indiya suka shiga zukatan Hausawa da littattafan soyayya. A 2003 aka yi babban taron ƙara wa juna sani a Kano kan finafinan Hausa, wanda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril suka tattara takardunsa suka buga a 2004. Matthias Krings da Carmen McCain su ma sun yi aiki mai yawa a wannan fage.

An sami riba babba a wannan zango, domin a nan ne aka fahimci yadda labari ke tasowa daga Mumbai ya sauka a Kano ya sa hula. Amma an yi asara ɗaya da ya kamata a faɗa. Muhawarar ta karkata kusan gaba ɗaya zuwa tambayar ko fim yana gyara tarbiyya ko yana ɓata ta, ko rawa da waƙa al'adar Bahaushe ce ko ta aro. Tambaya ce mai muhimmanci, ba wanda zai musa. Sai dai kundaye da yawa sun tsaya a kanta, suka bar kunnen da ake sauraren jimla da shi ya yi tsatsa. Ana iya karanta babi guda a kan fim ba a ci karo da layi ɗaya na abin da tauraro ya furta ba.

Talabijin ta dawo da ƙarfinta bayan kafa tashar Arewa24 a 2014. Daɗin Kowa ya zo da ƙirƙirarren gari mai ɗauke da malamin tsangaya da mai shayi da ɗan siyasa da Kirista maƙwabcin Musulmi, kowa da irin Hausarsa. Kwana Casa'in, wanda ya fara a 2019, ya gina jihar Alfawa don ya yi maganar zaɓe da cin hanci da aikin jarida ba tare da kama sunan kowa ba, dabarar da ta yi kama da habaici, sai dai an faɗaɗa shi ya zama jiha sukutum. Gidan Badamasi ya riƙe ɓangaren barkwanci, Labarina na Aminu Saira ya riƙe na soyayya da rikicin dangi, Izzar So kuma ya nuna cewa shiri mai dogon zango zai iya rayuwa a YouTube ba tare da tasha ba. Waɗannan wasanni da marubuta suke tafiya, saboda haka manazarci ya sami abin da na zamanin Samanja bai samu ba: yana iya ajiye rubutun a gefe ɗaya, abin da aka furta a ɗaya gefen, ya ga inda ɗan wasa ya bi da inda ya kauce. Sababbin batutuwa ma sun taso. Akwai Ingausa, wato cakuɗa Hausa da Turanci, wadda ake sa wa a bakin ɗan boko ko 'yar masu kuɗi don a nuna matsayi. Akwai sarar matasa da ke fita daga shiri ta shiga unguwa cikin mako guda. Akwai fassarar finafinan Indiya da murya, wadda ake kira Indiya-Hausa, inda jarumin Indiya ke buɗe baki karin maganar Kano ta fito.

Tsofaffin wasannin kuwa, waɗanda aka fara gina fannin a kansu, su ne suka fi wuyar samu a yau. Da yawa an ɗauke su ne a kan kaset ɗin da zafi da ƙura ke ci, kuma manyan 'yan wasan da za a tambaya suna ta raguwa. Abin da ɗalibi ya fi samu shi ne gutsattsarin da wani mai kishi ya ɗora a intanet, hoto dishi-dishi, sauti yana shaƙewa, babu shekarar da aka yi shi, babu sunan wanda ya shirya. Da irin wannan gutsure, minti bakwai ko goma, ake rubuta babin Samanja a kundin digiri.