Wa Zai Ɗebo wa Gurgu Ruwa Ranar da Gari Ya Watse?

Mai karatu, idan ka tambayi dattawan Kurfi ko na Dutsin-Ma yadda makaho da gurgu da kuturu suke samun ruwa a zamanin da, mutane za su lissafa maka: jikar da ke cika randa da asuba, maƙwabciyar da ke ƙara tulu ɗaya a kan nata, almajirin da ke jan guga a ba shi tuwo, ɗan ga-ruwan da kan sauke garwa bai karɓi ko anini ba. Rijiyar kanta ba ta taɓa yi wa mai naƙasa sauƙi ba. Bakinta da santsi, gugarta da nauyi, ga zurfi. Jama'a ce ta tsaya tsakaninsa da ita. A manyan garuruwan Hausa har sarauta aka yi wa lamarin, akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, ta bakinsu koke yake isa fada.

Kada mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Kuturu ya sha ƙyama, an hana shi moɗar da kowa ke sha da ita. A ƙarshen shekarun 1930, lokacin da 'yan mishan suka karɓi kula da mazaunin kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina, dabarar hukuma ita ce a ware shi gefe, da rijiyarsa da komai nasa. Daga baya magani ya samu, musamman haɗin ƙwayoyin da aka fara bayarwa a shekarun 1980, mutane suka warke suka koma gida. Sai dai yatsun da suka gutsure ba su dawo ba, kuma hannun da ba ya jin zafi igiyar guga na iya yanka shi mai shi bai sani ba. Haka shan inna: a watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Nijeriya, amma dubban da ta shanye wa ƙafa suna nan tare da mu, da yawansu da hannu suke tafiya.

Ruwan gwamnati ya zo a makare. An kammala madatsar Zobe a 1983, amma sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin tace ruwanta da rarraba shi, bayan shekara 38. A tsakanin nan famfon tuƙa-tuƙa ne ya riƙe ƙauyuka. Dubi yadda ake gina shi: dandamalin siminti mai tudu, kwata a kewaye, hannun ƙarfe mai bukatar ƙarfin kafaɗa. Masan makaranta da na kasuwa kuwa ga matakala, ga ƙuntatacciyar ƙofa, ga rami a ƙasa babu abin dafawa. Ba wanda ya ga aibun wannan gini, domin har yanzu jika da maƙwabciya suna rufa asiri.

Masifa ce ta tona. Ambaliyar Jibiya a watan Yulin 2018 ta kashe mutum fiye da 40 cikin dare ɗaya, ta rushe ɗaruruwan gidaje. A nan yankinmu kuma masifar ta fi zuwa a kan babur. A watan Afrilun 2020 'yan sanda sun tabbatar da kisan mutum 47 a hare-haren da aka kai ƙauyukan Dutsin-Ma da Safana da Ɗanmusa, Kurfi ma ta sha nata rabon a shekarun nan. Duk sa'ad da ƙauye ya watse, mutane kan kwararo cikin gari, wasu gidajen dangi, wasu azuzuwan firamare da kangaye. Abin da ke fara tsinkewa shi ne wancan zaren na jama'a. Jikar tana wani gari, maƙwabciyar tana takaba, ɗan ga-ruwa kuma yanzu kuɗi yake so a kan kowace jarka. Makahon da ya haddace takun da ke tsakanin ɗakinsa da makewayi shekara talatin ya wayi gari a filin da bai san gabas ɗinsa ba.

A nan aikina na harhaɗa magunguna ya shigo, kuma nan nake so ka tsaya. Mai naƙasa da ya rasa hanyar banɗaki yakan yi wa kansa wata muguwar dabara: ya rage ci, ya rage sha, don kada ya riƙa damun mutane. Mace takan jira duhu. Ƙarshen wannan shi ne bushewar jiki, ciwon mafitsara, taurin bayan gida, wani lokaci har ƙoda ta taɓu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya da aka ba ƙwaya mai sa fitsari yakan daina shan ta a ɓoye, sai ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Wanda ke rarrafe kuwa tafin hannunsa ne takalminsa, abin da ke daɓen masai shi zai kai bakinsa idan babu sabulu. Ka tuna 2021, shekarar da amai da gudawa suka kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, suka kashe fiye da 3,000, Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ina iya ba ka ƙunshin gishiri da sukari kyauta, amma litar ruwa mai tsabta da za a dama shi ba ta cikin kantata.

Duniya ta yi jinkirin gane wannan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta keɓe sashe na 11 ga lokutan masifa. Girgizar ƙasa da igiyar teku da suka afka wa Japan a 2011 sun nuna cewa ko a ƙasa mai arziki mutuwar masu naƙasa ta kusa ninka ta sauran jama'a. Kundin Sphere, wanda masu aikin agaji ke bi, ya ce a samar wa kowa aƙalla lita 15 a rana, wurin ɗiban ruwa kada ya wuce mita 500, masai ɗaya ga mutum 20, sannan bugun 2018 ya nemi aƙalla banɗaki ɗaya mai sauƙin shiga ga kowane mutum 250. A gida, an sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a watan Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika a 2024. Ka zaga makarantun unguwarku, waɗanda gobe su ne masaukin 'yan gudun hijira, ka ƙidaya nawa aka gyara.

Abin haushi, gyaran bai kai kuɗin buhun shinkafa ba a mafi yawan lokuta. Kafinta zai huda kujerar katako ko ta roba a ɗora ta bisa ramin, ko a sa bokiti mai murfi a ƙarƙashinta cikin ɗaki. Igiya daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi ta ishi makaho jagora. A kafa itace mai ƙwari ko bututun ƙarfe a gefen rami don dafawa, a faɗaɗa ƙofa ta kai kamar santimita 90 keke ya shige, a maye matakala da gangare mai sauƙi marar santsi. Bokiti mai famfo a bisa ɗan teburi ya fi randa ga wanda ba ya iya riƙe moɗa. A ajiye buta da sabulu inda hannun mai zaune zai kai, domin tsarki da alwala ba su faɗi a kansa don ya bar gida ba.

Idan kana da irin wannan ɗan'uwa, haɗa masa ƙunshi tun yanzu: maganinsa na mako biyu, katin asibiti cikin leda, sabulu, gishiri da sukari, safar hannu mai kauri ga mai rarrafe. Ranar da jami'an agajin gaggawa ko mai unguwa suka zo rubuta sunaye, kada ka tsaya a cewa ku goma ne. Ka ce ɗaya ba ya gani, ɗaya ba ta iya tsuguno, a rubuta. Kafin a haƙa ramin masai kuma, a kai shi wurin, a tambaye shi ta ina zai iya shiga.