Daga abajada zuwa (a) da (i): yadda muke jera abubuwa, da inda manhaja ke tuntuɓe

1/ Wani abokina malamin sakandare a Kibiya ya turo min tambayoyin jarrabawa daren jiya, ransa a ɓace. Ya rubuta 1, ƙarƙashinta (a) da (b), ƙarƙashin (b) kuma (i) da (ii). Manhajar da yake aiki da ita ta gane 1 da 2, sauran ta dama su a layi ɗaya kamar fate. Ya ce ko wayar ce? Na ce a'a, maganar ta girmi wayar nesa ba kusa ba. Ku biyo ni.

2/ Yawancin irin waɗannan manhajoji da Markdown suke tsara rubutu. John Gruber ne ya fito da shi a 2004. Dabarar mai sauƙi ce: ka sa taurari biyu a kowane gefen kalma ta yi kauri, ka fara layi da lamba da aya ya zama jeri. Akwai ɗan shiri a ciki mai bin rubutun layi-layi yana tantance alamomin. Matsalar malam a wurin mai tantancewar nan take.

3/ A wajen Gruber jeri iri ɗaya ne: 1, 2, 3. Kai, ko lambar da ka rubuta ma ba ya dubawa. Ka fara layi da "1807." kana nufin shekarar da Sulaimanu ya hau sarautar Kano, sai ya mayar maka da ita 1. Da aka zo daidaita ƙa'idar a 2014, abin da ake kira CommonMark, an gyara lambar farawa, amma an tsaya a kan 0 zuwa 9. Babu (a), babu (i), babu ١ ٢ ٣ na Larabci.

4/ To mu a nan, yaushe muka taɓa ƙirga da hanya ɗaya?

5/ Tun kafin boko, malaman ƙasar nan suna da hisabin abajada: kowane harafi da adadinsa. Alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har ya 10, kaf 20, a yi ta hawa har dubu. Da shi mawaƙan ajami suke rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan ka tara adadin harufanta za ta ba ka shekarar da aka yi waƙar. Nana Asma'u ta yi haka a waƙoƙinta da dama.

6/ Ga inda abin ke da daɗi. Abajada iri biyu ce, ta Gabas da ta Magrib. Mu ta Magrib muka gada, tare da rubutun da ke sa wa fa ɗigo a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Harufa 14 na farko duk ɗaya suke. A na 15 ake rabuwa: mutanen Gabas su sa س, mu mu sa ص. A wajensu ش 300 ne, a wajenmu 1000.

7/ Misali. Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1218, wato 1804. Rubuta ta da hisabinmu: ش da ر da ي da ح, 1000 da 200 da 10 da 8. Ba wa wanda ya koyi na Gabas ya tara, 518 zai samu. Ya kauce da shekara ɗari bakwai cur, kuma bai yi kuskuren lissafi ba. Don haka idan mai rubuta manhaja ya ce "na ƙara jerin abajada", tambayar farko ita ce: wacce?

8/ Lambobin Rum kuwa Turawa ne suka shigo mana da su. Da Palmer ya buga fassarar tarihin sarakunan Kano a 1908, da su ya jera sarakunan, Bagauda I, Muhammadu Rumfa XX, har XLVIII. Shi ya sa yau muke rubuta Sanusi II mu karanta "na biyu" ba tare da tunani ba. (Wani abin dariya: XIX ragi ne, goma da goma ba ɗaya. Kakanninmu ma "ashirin ba ɗaya" suke cewa. Ba baƙon tunani ba ne a wajenmu.)

9/ Sai (a), (b), (c) da (i), (ii), waɗanda suka zo ta ofis da kotu da aji. Duk dokar Najeriya haka ake tsara ta: sashe, ƙaramin sashe a baka, harafi, sannan lambar Rum. Mutanen Rano sun ga amfanin wannan kwanan nan. Doka ce ta ɗaga masarautar a 2019, doka ta rushe ta a 2024, wata dokar kuma ta dawo da ita a daraja ta biyu, da Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta. Lauya idan ya ce sakin layi na (c), ba zai yarda manhaja ta mayar masa da shi 3 ba. Lambar ita ce adireshin maganar.

10/ Abin haushin shi ne, shafin intanet ya daɗe da iya wannan. HTML tun 1997 yana da 1, a, A, i, I. Markdown ne bai ba ka hanyar faɗa masa ba. John MacFarlane, malamin falsafa a Berkeley wanda ya fara Pandoc a 2006, ya ƙara wannan damar a shirinsa, ya sake sa ta a Djot a 2022.

11/ Me ya sa sauran ba su bi ba? Ba lalaci ba ne kawai, aikin yana da ƙaya. Ka ga "i." a farkon layi. Harafi na tara ne bayan h, ko ɗaya ce ta Rum? Sai ka duba abin da ya gabace ta. Haka v da x da c.

12/ A Hausa ƙayar ta fi tsini. "I." a wajenmu amsa ce, wato eh. Sannan dubi yadda muke rubuta sunaye a takardar taro: "M. Garba ya ce a ɗage zaman." M ɗin nan Malam ne ko Muhammadu. Mai tantancewa kuwa zai iya ɗaukarsa harafi na 13, ko 1000 ta Rum, ya buɗe maka jeri daga dubu. Maganin da Pandoc ya yi: babban harafi da aya ba ya zama jeri sai an bar sarari biyu bayansa. Dabara ce mai kyau, amma wa zai tuna da sarari biyu yana rubutu da babban yatsa a cikin mota?

13/ Yanzu ga tambayar da ta fi damuna. A ce an ƙara a, b, c. Na wa? A 1912 Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko. Harufa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka zauna, zamanin Rupert East a Zariya, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su daga 1939. Yaro a aji ɗaya yana rera a, b, ɓ, c, d, ɗ. Babu p, q, v, x a bakinsa, akwai sh da ts.

14/ Amma ko a takardar jarrabawar Hausa, zaɓi na uku c ne. Jerin da kwamfuta ta sani harufa 26 ne na Turanci, mu ma shi muka saba. Ni dai a ganina a bar c a doka da jarrabawa, don kada ɗalibi ya ruɗe tsakanin b da ɓ a bugun da tawada ta yi ƙaranci. A littafin koyon Hausa kuwa, ina so marubuci ya samu zaɓi.

15/ Kuma zaɓin ba mafarki ba ne. CSS yana da hanyar da za ka ƙirƙiri salon ƙirgarka da kanka, ka jera harufan da kake so. Firefox ya karɓe ta tun 2014, Chrome a 2021, Safari a 2023. Abin da ya rage shi ne mai tantancewar ya gane ɓ ko ص a farkon layi, ya san wane jeri ake nufi. Layi 14 na farko ba za su gaya masa abajadar Gabas ce ko ta Magrib ba, dole marubuci ya faɗa tun daga sama. Wannan aikin masu rubuta manhaja ne da suka san allo suka san boko, kuma muna da su a Kano.

16/ Malam dai na ce ya sa kowane (a) da (i) a sakin layinsa daban, ya bar layi fanko a tsakani. Ba kyau, amma yara za su rubuta jarrabawarsu ran Litinin. Malaman Hausa da ke nan, ku gaya min: bayan (b), me kuke rubutawa a allo?