Ma'aikaci da Mai Sana'a: Yadda Ofis Ya Mallake Kalmar Aiki

A ƙa'idar ginin kalma ta Hausa, ma'aikaci shi ne mai aikatawa, kamar yadda manomi yake mai noma, maƙeri mai ƙira, marini mai rini. Amma a bakin jama'a a yau, daga Zariya har Maraɗi, kalmar ta ƙuntata. Idan iyaye suka bincika mai neman 'yarsu aka ce musu "ma'aikaci ne", sun san ana nufin mai zuwa ofis, mai karɓar albashi a ƙarshen wata. Saurayin da ya gama jami'a yake wuni a shago a Kantin Kwari tun hantsi har magariba kuwa, sai a ce "bai samu aiki ba tukuna, yana dai ɗan buga-buga". Hujjar wannan maƙala ita ce, abin da Bahaushe yake aunawa da wannan kalma shi ne tabbacin samu, kuma tun da tabbacin ya taru a hannun 'yan tsiraru, harshen yau da kullum ya wayi gari yana cire mafi yawan masu wahala daga sahun masu aiki.

Wannan ƙuntatawa tana da tarihi. Kafin zuwan Turawa, aiki suna ne da ya game noma da saƙa da jima da fatauci da ƙwadago, har aikin gayya da ake yi ba don lada ba. Kowace babbar sana'a tana da shugabanta da fada ta sani, irin su Sarkin Noma da Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, mulkin En'e ya buƙaci masu rubuta haraji da lissafin baitulmali da ajiye takardun kotu cikin boko. Don biyan wannan buƙata Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sannan aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Sunayen da aka fara ba sabon rukunin suna nuna inda ya samo darajarsa: malamin haraji, malamin daji, malamin gona, malamin asibiti. An ari martabar malanta aka yafa wa mai alƙalamin hukuma. A Nijar ma haka ta faru ta hanyar Faransanci, inda mushe ya zama sunan malamin lakwal, biro kuma ya zama wurin da ake zuwa aiki. Manufar Sardauna Ahmadu Bello ta cike gurabun gwamnatin Arewa da 'yan Arewa a shekarun 1950 ta faɗaɗa wannan rukuni, sannan ƙarin albashin Udoji na 1974, wanda aka biya tare da ariyas, ya dasa wa talaka imanin cewa arziki yana shigowa ta ƙofar ofis.

Idan aka saurari yadda ake sarrafa kalmar, za a ga abin da take ɗauke da shi. Ana cewa an ɗauke shi aiki, an yi masa ƙarin girma, an kore shi daga aiki, ya ajiye aiki. Duk waɗannan maganganu suna nuni ga wata alaƙa mai takarda tsakanin mutum da hukuma, wadda take farawa da ofa ta ƙare da fansho da giratuti. Mai shagon unguwa yana ba ma'aikaci bashin shinkafa da sabulu saboda ya san ranar da wata zai ƙare, banki ma yana ba shi rance a kan albashinsa. Shi ya sa darajar sunan ba ta faɗi ba ko da darajar albashin ta faɗi. Tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida a 1986 naira take zubewa, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai kai kuɗin buhun shinkafa ba a kasuwanni da dama a ƙarshen shekarar. Duk da haka mutane suna sayar da gona don neman gurbi, har wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna binciken cinikin gurabun aikin gwamnati a 2023. Wanda ya ba da gonarsa don ofa, kwanciyar hankali yake saye.

Illar wannan fahimta tana bayyana idan aka zo ƙidaya. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya suna wajen tsarin albashi mai rajista. Da hukumar ta sauya ma'auninta a 2023, ta riƙa lissafa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na aƙalla awa ɗaya a mako, adadin marasa aiki ya sauko daga kashi 33.3 na ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1. Jama'a suka yi watsi da sakamakon, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne hukumar da mai sauraron rediyo ba abu ɗaya suke nufi da aiki ba. Mata ne suka fi cutuwa da wannan giɓi. Matar da take soya ƙuli-ƙuli ko ɗinka hula ko kiwon tumaki a cikin gida, har take haɗa wa 'yarta kayan ɗaki da kuɗinta, ita da kanta za ta ce ba ta aiki. Ranar Ma'aikata ma, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta fara ba da hutunta a Kano a 1980 kafin ta zama ta ƙasa a 1981, da wuya ɗan dako na kasuwar Dawanau ya ji cewa tasa ce, alhali ƙungiyar da take jagorantar bikin da sunan ƙwadago ake kiranta.

Za a iya cewa kowane harshe yana ƙuntata ma'ana, kuma Hausa ba ta bar kowa babu suna ba, tunda ga sana'a da darajarta, ga attajirai irin su Alhassan Ɗantata da ba su taɓa buƙatar a kira su ma'aikata ba. Wannan gaskiya ne ga wanda ya riga ya yi ƙarfi. Amma ƙaramin mai sana'a, musamman wanda ya yi boko, yana jin sana'arsa a matsayin zaman jira, kuma wanda yake jira ba ya zuba jari da zuciya ɗaya, ba ya ɗaukar yara ya koya musu. Wata sukar mai nauyi ita ce, jama'a ba su yi kuskure ba, domin bambancin da suke nunawa na zahiri ne: tela idan ya kwanta ciwo samunsa ya tsaya, akawu kuwa albashinsa yana tafiya. Na yarda da wannan ƙwarai, kuma shi ne ya sa wa'azin raina aikin ofis ba zai gyara komai ba. Harshe ya faɗi abin da ya gani ne.

Gyaran yana da fuska biyu. Marubuta da 'yan jarida da masu fassara takardun hukuma suna iya tsare gaskiya ta hanyar cewa mai albashi ko ma'aikacin gwamnati idan shi suke nufi, su daina kiran mai sana'a marar aikin yi. Babban nauyin kuwa yana kan hukuma: tsarin ƙaramin fansho na masu zaman kansu da aka ƙaddamar a 2019, da inshorar lafiya, da rancen da ba ya neman takardar albashi, su isa ga maƙeri da mai ƙosai ta hannun ƙungiyoyinsu na kasuwa. Muddin tsufa da ciwo suna nufin yunwa ga mai sana'a kaɗai, iyaye za su ci gaba da fifita mai ofis, kuma suna da hujja.