Tarihin Gwamnan Da Ke Cikin Wayarka

Yau za mu ɗan jingine labaran soyayya da na sarauta, mu leƙa wani tarihi da yake cikin aljihun kowannenmu amma ba kasafai ake ba da shi ba. Duk wanda ya san ƙasarmu ta kudancin Kano, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, ya san tambayar farko da mutum ke yi idan zai sayi waya, wato "Tana riƙe caji?" Dalili kuwa a fili yake. Wanda zai wuni a gonar masara a wajen Riruwai, ko direban da zai ratsa dajin Falgore, ya san idan waya ta mutu sai an kai wa mai caji an biya, kafin nan kuma wataƙila ciniki ya wuce. Amsar mai shago ba ta sauyawa: batirinta babba ne, 5000 ne. Ni a nawa ganin wannan rabin amsa ce. Ɗaya rabin yana wurin wani ɗan tsari da ke can cikin zuciyar manhajar wayar, wanda masu yinsa suka raɗa wa suna gwamna.

Sunan nan ba daga gidan gwamnati aka aro shi ba, daga wurin masu inji ne. A shekarar 1788 James Watt na ƙasar Birtaniya ya ɗora wa injinsa mai aiki da tururi wasu ƙwallaye biyu na ƙarfe masu juyawa. Idan inji ya cika gudu sai ƙwallayen su buɗe su rage tururi, idan ya yi sanyi sai su rufe su ƙara. Jikan wannan na'ura yana nan a cikin janaretan da ke ƙofar shagon mai caji, shi ne yake riƙe ƙaramin inji a kan juyi 3000 a minti ɗaya domin wuta ta fito daidai. Shi ya sa za ka ji muryar janareta ta sauya idan an jona dutsen guga, sannan ta dawo. To amma akwai bambanci. Gwamnan janareta aikinsa ya hana gudu sauyawa, shi kuwa na cikin waya aikinsa ya yi ta sauya gudu gwargwadon aikin da ke gabansa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san gudun me ake magana. A cikin kowace kwamfuta ko waya akwai masarrafa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, kuma tana aiki ne da bugun wani agogo, kamar yadda masu noman gayya ke bin kiɗan ganga. Kwamfutar IBM PC ta farko da ta fito a 1981 tana bugawa sau miliyan 4.77 a sakan ɗaya. Wayar da ke hannunka yau tana iya haura sau biliyan 2. Kowane bugu yana cin wuta, kuma idan ana son bugu mai sauri sai an ƙara ƙarfin turin wutar. A nan ne lissafin yake da daɗi: idan aka rage ƙarfin turin da rabi, wutar da kowane bugu ke ci takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ke nan ɗan sassauci kaɗan yana jawo rarar wuta mai yawa.

A farkon zamani babu wanda ya damu da wannan, tunda kwamfuta a kan tebur take, wayarta na jone a bango. Da kwamfutar tafi-da-gidanka ta yawaita sai matsala ta bayyana. A 1992 kamfanonin Intel da Microsoft suka fito da tsarin APM, inda wata 'yar manhaja da ke manne a jikin na'urar take kashe allo ko ta kwantar da kwamfuta idan an daɗe ba a taɓa ta ba. Aibinta shi ne ba ta san aikin da ake yi a ciki ba, sai dai ta yi kirdado. A 1994 wani masani mai suna Mark Weiser da abokan aikinsa uku a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya suka kawo shawarar cewa babbar manhaja ce ya dace ta riƙa sassauta gudun masarrafa, domin ita ce ta san yawan aikin da ke jira. A watan Disamba na 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da tsarin ACPI, wanda ya ɗauke ikon daga hannun waccan 'yar manhaja ya damƙa wa babbar manhaja. Daga nan ne aka jera matakan barcin masarrafa, bayan shekara huɗu kuma aka ƙara matakan gudu.

Shekarar 2000 ita ce ta kawo masarrafan da za su iya bin wannan umarni. Intel ta fito da SpeedStep, AMD ta fito da PowerNow!, sai kuma wani ƙaramin kamfani mai suna Transmeta da ya fito da masarrafar Crusoe. A wannan kamfani ne Linus Torvalds, mutumin Finland da ya ƙirƙiro Linux a 1991, yake aiki a lokacin. Mu a nan gida sai a watan Agusta na 2001 wayar GSM ta shigo Nijeriya. A 2004 kuma tseren gudu ya ci karo da bango, domin Pentium 4 ta kai bugu biliyan 3.8 tana zafi kamar murhu, har Intel ta fasa fitar da mai biliyan 4.

Abin da ya fi shafarmu shi ne Linux, tunda a kansa aka gina Android da ke cikin Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwanninmu. Zuciyar Linux, wadda masana ke kira kenel, ita ce ke raba wa kowace manhaja lokaci da wuri. A 2002 aka shigar mata da sashen sarrafa gudu mai suna cpufreq, wanda Dominik Brodowski da Dave Jones da Russell King suka yi wa hidima. Dabararsu ita ce raba aikin gida biyu. Akwai direba, wanda ya san yadda ake taɓa kowace irin masarrafa, akwai kuma gwamna, wanda ke yanke shawarar gudun da za a yi. Gwamnonin farko ba su da wayo: ɗaya kullum a ƙure yake, ɗaya kullum a ƙasa, na uku kuwa sai abin da mai kwamfuta ya ce.

Idan ina son fahimtar da mutumin ƙasarmu wannan matsala, madatsar ruwa ta Tiga nake kawo masa. An kammala ta a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano cikin ƙasar Bebeji, domin ta tara ruwan damina a riƙa sakinsa da rani zuwa gonakin Kadawa da Kura. Da za a buɗe ƙofa gaba ɗaya dare da rana, ruwa zai tafi a banza. Da kuma za a matse ta sosai, alkama da tumatir su bushe. Batiri shi ne madatsar, gwamna shi ne mai riƙe da ƙofa, duk hikimar kuwa tana ga sanin lokacin buɗewa.

A 2004 Venkatesh Pallipadi na Intel da abokin aikinsa suka kawo gwamna mai suna ondemand. Shi wannan yakan leƙa masarrafa sau da yawa a cikin sakan, idan ya ga aiki ya haura kamar kashi 80 cikin 100 sai ya ɗaga gudu zuwa ƙarshe, idan aiki ya lafa sai ya sauko. Ya yi shekaru yana mulki, sai dai yana da rauni guda: abin da ya riga ya wuce yake dubawa, kamar mai ƙofar da ba ya sakin ruwa sai ya ga shuka ta fara yaushi.

Ana cikin haka sai aka lura da wata ɓarnar. Ko da babu aiki, kenel yakan tashi masarrafa sau 100 zuwa 1000 a kowane sakan don kawai ya duba agogo. Ka ƙaddara mai gadi ne ake tashinsa kowane minti a tambaye shi ko yana barci. A 2007 aka gyara wannan, aka bar masarrafa ta kwanta har sai aiki ya zo. A farkon 2008 kuma aka shigar da sashen cpuidle, mai zaɓar zurfin barcin. Barci mai zurfi ya fi adana wuta amma ya fi wuyar tashi, don haka sai kenel ya yi hasashen tsawon hutun kafin ya zaɓa. Wannan ya ta da muhawarar da har yau ba ta mutu ba: a yi aiki a hankali, ko a yi shi da gudu a gama a kwanta? Amsar takan danganta da irin masarrafar da irin aikin.

Da Android ta fito a 2008 sai aka ga ondemand yana da nawa, mutum ya taɓa allo sai ya ji waya tana jan ƙafa. A 2010 injiniyoyin Google suka yi gwamna mai suna interactive, mai zabura da wuri. A 2011 kamfanin ARM na Ingila ya kawo dabarar haɗa manyan masarrafai masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin wuta a guntu ɗaya, kamar mai gona da ya ajiye tarakta da jaki, kowanne da ranarsa. A 2016 Rafael Wysocki ya kawo schedutil, wanda ke karɓar labari kai tsaye daga mai rabon aiki na kenel a daidai lokacin da aiki ya taso. A 2019 kuma Linux 5.0 ya fara auna wutar da aiki zai ci kafin ya zaɓi masarrafar da zai ba shi.

Sai dai duk inda iko yake, akwai tambayar wanda ke riƙe da shi. A watan Disamba na 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu wayoyin iPhone da batirinsu ya tsufa, don kada su riƙa mutuwa ba zato. Hujjar tana da ma'ana, amma ba a sanar da masu wayoyin ba, kuma a 2020 hukumomin Faransa suka ci kamfanin tarar Yuro miliyan 25. Abin da na fi so game da Linux shi ne gwamnansa a rubuce yake a fili, duk ɗalibin da ke Kiru ko Tudun Wada da ya iya karatun manhaja zai iya buɗewa ya ga hukuncin da ake yankewa, ko da yake kamfanonin waya sukan ɗora nasu gyare-gyaren a kai.

Saboda haka mai karatu, idan wayarka ta yi nauyi da tsakar rana a watan Afrilu, sau da yawa ba lalacewa ta yi ba, kenel ne ya ji zafi ya yi yawa ya rage gudu don kada masarrafa da batiri su cutu. Ka cire ta daga rana, ka bar ta ta huce. Manhajojin nan masu alƙawarin ƙara wa waya gudu ta hanyar kashe komai kuwa, sau tari ƙarin aiki suke jawowa, domin abin da suka kashe sai ya sake tashi ya farkar da masarrafar da ta samu barci. Idan kuma ka kunna tsarin tsimin batiri, ka sani a wayoyi da dama kana gaya wa gwamna ne ya matse ƙofa, kai kuma ka yi haƙuri da ɗan jinkiri har ka isa inda wuta take.