Aissa Diori, Uwargidan Shugaban Nijar Na Farko

Aissa Diori Bafulatana ce daga yankin Dogon Dutsi. Ta auri Hamani Diori tun yana malamin makaranta. Da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, mijinta ya zama shugaban ƙasa, ita kuma ta yi fice wajen ƙarfafa karatun 'ya'ya mata. Sai dai da fari ya tsananta a farkon shekarun 1970, talakawa suna fama da yunwa, aka riƙa zarginta da tara dukiya da gidajen haya a Yamai. Ranar 15 ga Afrilu, 1974, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnati. Mijinta tsare shi aka yi, ita kuwa a daren aka harbe ta a fadar shugaban ƙasa.